Jan Layin da Na Ja wa Idi Sakkwato

Rijiyar farko da na ga iska ta fasa dutse a cikinta tana wani ƙauye gabas da Tama. Farkon shekarun saba'in ne. Mahaƙa sun yi gaba goma sha ɗaya da hannu, sai suka tarar da fa, dutse guda shimfiɗe kamar an daɓe shi. Kwana tara suna dukansa da diga, abin da suka ɓamɓaro bai cika kwando uku ba. Sai aka aiko mu daga Madawa, ni da maigidana Baba Ɗanladi, kamiyo, babbar motar kaya, yana jan kwamfuresa, injin matse iska, a baya. Muka girke ta nesa kaɗan da bakin ramin, muka zura tiyo, muka saukar da marto, wato gudumar nan da iska ke kaɗawa. Kafin la'asar dutsen ya tsage. Mata suka yi guɗa. Wani tsoho ya zo ya shafa kan injin, ya janye hannu da sauri don zafi, ya ce lallai akwai garwashi a ciki mun ɓoye.

Babu garwashi. Iska ce kawai, wannan da kuke shaƙa. Ina faɗin haka ne saboda ku samarin da ke zuwa garejina da waya a hannu, kuna cewa aikin kwamfuresa ai danna maɓalli ne. Ɗayanku har ce min ya yi ya kalli yadda ake kwance ta a waya, minti goma, ya gama iyawa. Na miƙa masa kile, wato sufana, na ce ya ciro min sufaf ɗin shaƙa, bawul ɗin da iska ke shiga ta cikinsa. Ya ciro na fitarwa, ya kuma mayar da shi a kife, sannan ya ce injin ne tsoho. Ni shekara biyu na yi ina wanke ƙarfe da gazuwal, man dizal, kafin a bar ni in taɓa sufaf.

Baba Ɗanladi bai san ko baƙi ɗaya ba, amma ranar farko ya gama koya min tushen sana'ar. Ya ba ni famfon keke, ya ce in toshe bakinsa da babban yatsa in yi ta dannawa. Na danna har yatsan ya ƙone, na sake. Ya ja ni wurin marto yana aiki, ya ce in tara tafin hannu inda iskar ke fita bayan ta gama duka. Na ji ta da sanyi kamar ruwan randa.

Ya ce, “Ka jiya? In ka matse ta, ƙarhinka na shiga cikinta, sai ta ɗau zahi. In ka bari ta buɗe ta tura wani abu, ita ka yin aikin, sai ta huce. Sana'ar ke nan duka. Sauran datti ne da mai.”

Sauran ma ba ƙarami ba ne. Kowace safiya sai ka buɗe ƙasan tanki ka zubar da ruwan da ya taru, in ba haka ba tsatsa ta cinye shi daga ciki, ba ka gani, sai ranar da ya fashe. Ka riƙa bin tiyo da ruwan sabulu kana neman inda ke kumfa. Idonka ɗaya a kan agogon iska, kunnenka a kan fistan. Sannan ka duba ta ina iskar Allah ke kaɗawa kafin ka girke inji, don hayaƙinsa in ya gangara rami, akwai uban wani a ƙasa. Masu rijiyar kuwa, abincin da za su kawo maka ranar farko kaza ce, rana ta biyar tuwo da miya, in aka kai rana ta goma ba ruwa, sai ka ji maigari yana tambaya ko mu ne muka kori ruwan da ƙarar injinmu.

Ni aji biyar na tsaya a lakkwal, makarantar boko. Shi ya sa da aka tura ni Tawa ƙaro sani na wata uku, a ƙarshen shekarun saba'in, na ɗauki duk abin da aka rubuta a allo kamar wahayi. A can ne na ji cewa aiki ma yana da alama. Mai koyarwar ya ce ka ɗauka iskar da ke cikin silinda ita ce mai gida. Duk abin da ya shigo mata, aiki ne ko zafi, ka sa masa filis, alamar ƙari. Duk abin da ya fita daga gare ta ka sa masa muwan, ɗan layin nan na ragi. In fistan ya matse ta, ta samu, filis. In ta buɗe ta tura fistan, ta bayar, muwan. Sai ka tara su gaba ɗaya ka ga abin da ya rage mata. Na rubuta a kaye, littafin rubutuna, na naɗe shi a leda, na riƙa ajiye shi tare da takardar haihuwata.

Abin da mutumin nan bai gaya mana ba, wanda har yau nake jin haushinsa, shi ne wannan shiri ne na mutane, ba halittar Allah ba. Jimla ɗaya ce da zai ƙara. Wata uku yana shan shayi a gabanmu, bai ƙara ta ba.

A shekarar tamanin da huɗu ina Keita, ni ne shef na ɗakin gyara a ma'aikatar haƙa rijiyoyi. Wanda bai ga wannan shekara ba kada ya ce min ya san yunwa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Mutanen Garhanga suna koro shanu kasuwa, ba mai tayawa. Aikinmu a lokacin ba don albashi ake sonsa ba, don buhun hatsin da ake ba kowane ma'aikaci ne duk wata. Sai makanikenmu ɗaya ya koma Tawa, gurbi ya buɗe. Injiniyan da ke kanmu zai tafi Yamai, ya kira ni ya ba ni ambulan. Ya ce in gwada masu nema a kan inji, sannan in ba su tambayoyin da ke ciki. Amsoshin suna takarda ta biyu. Ya ce wanda na zaɓa shi ne, ba sai an jira shi ba.

Mutum biyar suka zo. A cikinsu akwai Idi, mutumin Tamaske, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Ana ce masa Idi Sakkwato don shekara goma sha biyu ya yi a can, yana aiki a gareji, yana kuma zuwa makarantar koyon sana'a, har lokacin da aka koro baƙi daga Najeriya ya dawo gida. Yana da uwa, da mata, da ɗiya huɗu, da gonar albasa a fadama wadda ya gada daga ubansa. Tun a bakin ƙofa ya gaya min gaskiyar halinsa.

Ya ce, “Shef, rumbuna ƙasa ta rage ciki. Akwai wani ɗan kasuwa da ka zagayen gonar fadama kullum, shina son ya ba ni hatsi ya amshe ta. In na samu aikin ga, ta tsira. In ban samu ba, ta tahi.”

Na ce kowa da irin labarinsa, inji ne zai raba.

Na shirya wata tsohuwar kwamfuresa, na ɓata mata wuri uku da gangan. Uku daga cikin masu neman suka gano ɗaya ɗaya. Wani saurayi ɗan Buza mai takardar birebe, ta gama ƙaramar sakandare, ya gano biyu. Idi bai fara da kile ba. Ya tada injin, ya kara sukudireba a jikinsa, ya ɗora kunne a kan ƙotar yana saurare. Kafin shayi ya dahu ya fito da ukun. Sannan ya kwance sufaf ɗin tsaro, wanda ke sakin iska in tanki ya cika fiye da ƙima, ya nuna min shi ya kafe da tsatsa.

Ya ce, “Shef, wanga ma kai ka sa, ko shi ya yi da kainai?”

Ma'aikata suka fashe da dariya. Ba ni na sa ba. Wata shida muna aiki da injin nan haka, kuma duba shi aikina ne. Ku riƙe wannan, don ba zan ce da wankakkiyar zuciya na zauna duba takardarsa ba.

Bayan azahar aka yi na rubutu. Na karanta musu tambayar da Faransanci, na maimaita da Hausa saboda Idi. Fistan ya matse iska, ya yi mata aiki ɗari biyar. Tana cikin haka zafi ɗari biyu ya fice ta jikin silinda. A rubuta kowanne da alamarsa, a faɗi abin da ya ƙaru a cikin iskar. A takardar injiniya an sa wa aikin filis, an sa wa zafin muwan, amsa ɗari uku.

Na ɗauki ta Idi. Zafin, muwan, daidai. Aikin kuma ya sa masa muwan. A ƙasa ya rubuta ɗari uku, ya ja layi biyu.

Na kira shi a gaban kowa. Na ce, “Idi, an matse iska. Wa ya samu?”

“Iska ta samu.”

“To mi ya kawo muwan?”

Ya ce, “Mu can, aikin da iska ta yi da kanta shi aka ba filis. Nan ba ita ta yi ba, ita anka yi ma. Shi ya sa na ba shi muwan. Amma wurin haɗawa ba tara shi mukai ba, ɗebe shi mukai. In ka ɗebe ragi kuwa, ƙari ya zama.”

Na ce, “Kai jama'a! Ashe iskar Sakkwato daban take da ta Keita. Can in an matse mutum, shi ya bayar.”

Aka yi dariya, wannan karon a ɓangarena. Ta yi min daɗi.

Idi bai yi dariya ba. Ya ce, “Bar zancen alama. Dubi takardarka, ɗari uku ce.”

“Ƙaƙa ka san abin da ke takardata?”

“Ban gan ta ba. Amma in mai hankali ya rubuta ta, ɗari uku ce.”

A nan ne na tuna na bar ambulan a kan tebur lokacin da na tafi alwala. Na haɗa lissafina na jahili: hanya ba daidai ba, amsa daidai, ke nan ya leƙa. Na ɗauki jan biro na ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, na ɗaga murya na ce Idi Sakkwato ya saci amsa.

Ya rantse da Allah. Sannan ya faɗi abin da duk mai gaskiya zai faɗa. Ya ce, “Sake lambobin. Ba ni wasu daga kanka, yanzu, gaban mutanen ga. In na kasa, ka kira ni ɓarawo har kasuwa.”

Na ce ba ni da lokacin wasa. Gaskiyar ita ce amsar waɗannan lambobi kaɗai gare ni a rubuce. In aka sake su, ban tabbata zan iya fitar da amsar a gaban mutane ba tare da na yi tuntuɓe ba. Don kada a ga shef yana ƙirga da yatsu, na bar sunan ɓarawo a kan mutum. Ya ɗauki hularsa ya fita. Aikin na ba ɗan Buza. Shi ba shi da laifi, ya ma koya daga baya.

Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na mai da abin labarin hira. Na ba da shi a garejin Buza, na ba da shi a tashar Madawa, ina kwaikwayon muryarsa, “mu can Sakkwato”. Masu gareji a Adar duka nawa ne? Kowa ya san kowa. Ya je neman aiki wuri biyu, aka ce masa an ji labarinsa.

Bayan wata huɗu na je Madawa ɗauko kayan gyara, na tarar da wani malamin makarantar sakandare, Mushe Haruna, yana jiran a yi masa facin babur. Da na ji kimiyya yake koyarwa, sai na buɗe masa labarin don ya yi dariya irin ta masu ilimi. Takardar Idi tana cikin kayena, na nuna masa. Ya fara murmushi, sai murmushin ya ɗauke.

Ya ce, “Shef, in guga ya fito cike aka juye a tulu, ruwa ya ƙaru ko ya ragu?”

Na ce, “Ga tulu ya ƙaru. Ga rijiya ya ragu.”

“Ruwan guga nawa ne?”

“Ɗaya.”

Ya ce, “To haka abin yake. Littattafan da munka gada daga Faransa suna zama cikin iska, suna ƙirga abin da ya shigo mata. Littattafan masu inji na Ingilishi da yawa suna tsayawa wajen fistan, suna ƙirga aikin da iska ta ba shi, don su abin da inji zai ba su suka nema. Waɗanga su tara, waɗancan su ɗebe, a haɗu wuri guda. Mutumin ga bai yi kure ko ɗaya ba. Wanda ya leƙa ai filis zai kwafa, don shi ke rubuce. Muwan ɗin nan ita ce shaidar bai ga takardarka ba.”

Sai ya tambaye ni, “Ina fatan shi kunka ɗauka?”

Na naɗe takardar na mayar cikin kaye.

Ina jin haushin masu littattafan nan har gobe. Manyan masana, ƙasa da ƙasa, sun kasa zama su shirya a kan ɗan layi guda, kuma ba su ga ya dace su rubuta a shafin farko da manyan baƙaƙe cewa maƙwabta suna yi a juye ba. Daga Madawa zuwa iyaka tafiyar hantsi ce. Ɗiyanmu rabi suna koyo can, rabi nan. Ina jin haushin injiniyan da ya damƙa wa mai aji biyar ambulan ya ce ya yanke wa magidanta hukunci. Amma duk wannan bai kai abin da na yi bayan na sani ba, don shi ba littafi ya sa ni ba.

A cikin watan nan aka ƙaro mana kwamfuresa ɗaya, ana neman wani makanike. Gonar Idi tana hannunsa har lokacin, sun yi ta jan rai da ganye da ɗan abin da dangi suka aiko. Daga Keita zuwa Tamaske ba nisa. Abin da ake bukata kawai in shiga wurin injiniya in ce na yi kure. Sau biyu na je har ƙofarsa. Na farko na yi masa zancen gazuwal. Na biyu na yi masa zancen taya. Aka ɗauko wani daga Tawa aka ba shi gurbin. Bayan sati uku na ji Idi ya ba da gonar ya karɓi hatsi, ya ajiye wa iyalinsa, ya hau mota zuwa Abijan.

Shekara huɗu ya yi. Da ya dawo ya kafa rumfar faci a bakin kasuwar Tamaske, da wata kwamfuresa da ya haɗa da hannunsa daga tarkacen tsohuwar mota. Direbobinmu suna ta yabon aikinsa. Na ƙara wata biyu ina cewa sai kasuwa mai zuwa, sannan na tafi.

Na same shi durƙushe yana ɓare tayar amalanke. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na tsuguna kusa da shi, na fito da takardar, na yi ƙasa da murya na ce, “Idi, na zo ne a kan wannan. Kai ke da gaskiya. Ka yahe min.”

Ya dubi takardar, ya dube ni. Ya ce, “Shef, muryarka ta lalace ne? Can Keita har masu gadi sun ji ka.”

Na ce a'a.

“To ga kasuwa.”

Akwai wata tayar kamiyo a yashe, na hau kanta. Na yi gyaran murya, mutane suka fara tsayawa, sun ɗauka mai maganin basir ne. Na soma bayani, filis kaza, muwan kaza, na Faransa ga yadda suke yi, na Ingilishi ga yadda suke yi. Ina gumi, ba wanda ya gane. Wata tsohuwa mai sai da kuka ta ja rigar na kusa da ita ta ce, “Shi Muwan ɗin ɗan gidan wa ne? Mi ya sata?”

Kasuwa ta ɗauki dariya. Sai na bar turancin. Na ce, “Jama'a, ni ne na ce Idi ya saci amsa a Keita. Ƙarya na yi mishi. Bai saci komi ba, ya hi ni sanin aikin, ni ne ban sani ba. Kuma na gane gaskiya tun gonarshi tana hannunshi, na yi shiru.”

Dariyar ta tsaya. Wani dattijo ya ce, “Subhanallahi.” Tsohuwar ta tofar da yawu gefe, ta koma kan kukarta. Na sauko.

Idi ya gama ɓare tayar, ya zaro tib, ya hura shi, ya tsoma a ruwa yana neman huji. Sai da ya samu, ya soka masa tsinke, sannan ya yi magana.

Ya ce, “Na ji, mutane sun ji. Na yahe, don ina son Allah Shi yahe min nawa. Takardar kuwa tahi da abarka, ba ni da inda za ni kai ta.” Ya share hannu da tsumma. “Ta wace hanya za ka koma?”

Na ce ta fadama, ai ita ce hanyar.

Ya ce, “In ka wuce gada, gona ta ukku hannun dama, mai giginya a tsakiya. Bana albasa ta yi kyau ƙwarai. Ka tsaya ka duba.”

Na tsaya. Wasu mutum biyu suna ban ruwa a cikin gonar da ya gada daga ubansa, suka ɗago suka gaishe ni, suka tambaya ko saye zan yi.